A Cike wa Mai Kuɗi, a Cire wa Talaka

Duk wanda ya bi titin Tal'at Harb ko titin Ƙasrun Nil, a unguwar da mutanen Alƙahira suke kira Wustul Balad, wato tsakiyar gari, in ya ɗaga kai zai ga jikin dogayen benaye cike da alluna, wani bisa wani, kowanne ɗauke da sunan likita da jerin digirorinsa. Wannan na ido ne, wancan na ƙashi, na samansa kuma na ciwon zuciya. Allunan likitocin haƙori suna cikin waɗanda suka fi yawa, har akan sami biyu ko uku a bene guda. Baƙon da ya ga haka zai ɗauka ciwon haƙori ba shi da wurin kwana a wannan unguwa. To, amma in ya sauke kansa ya dubi bakin maigadin da ke zaune a ƙofar benen, ko na yaron da ke kai shayi ofis-ofis, ko na dattijon da ke goge takalma a gindin allon, sai ya ga giɓi nan da can, da baƙaƙen kututturan haƙora. Tsakanin maigadin da kujerar likitan bai fi hawa biyu ba, amma ba ya zama a kanta sai ranar da haƙori ya gagari haƙuri, a cire masa shi ya sauko. Abin nan ne da Hausawa suke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Alƙahira ba ta rasa likitan haƙori ba. Abin da ya faru shi ne an bar lafiyar baki a hannun kasuwa, kasuwa kuwa ta raba magani gida biyu: mai kuɗi a cike masa haƙorinsa ya ci gaba da tauna, talaka a cire masa nasa a sallame shi. Mutane ne suka tsara haka, kuma hukuma tana iya warware shi da kuɗin da bai kai na wasu ayyukan da take alfahari da su ba.

Ita kanta unguwar don masu hali aka gina ta. Isma'il Basha, wanda ya sarauci Masar daga 1863 zuwa 1879, ya ziyarci Paris a 1867, ya komo da niyyar shimfiɗa sabon gari mai faffaɗan tituna irin na Faransa tsakanin tsohuwar Alƙahira da Kogin Nilu. Nan sarakuna da attajiran Girka da Italiya da Armeniya da Yahudawa suka zauna, nan kuma manyan likitoci suka buɗe ɗakunan duba marasa lafiya. Bayan juyin mulkin 1952 baƙin suka watse sannu a hankali, masu kuɗin Masar su ma suka yi ta ƙaura, da farko zuwa unguwanni irin su Muhandisin, daga baya zuwa sababbin garuruwan hamada masu katanga da ƙofa, kamar Tajammu'ul Hamis da Shaihu Zayid. Waɗanda suka rage su ne tsofaffin 'yan haya, da ƙananan ma'aikata, da talakawan da suka mai da ɗakunan ajiya da na wanki na saman benaye wurin kwana. Marubucin nan Ala'ul Aswani ya san wannan zama na sama da ƙasa, domin shi kansa likitan haƙori ne, kuma a benen Yaƙubiyan da ke titin Tal'at Harb ya fara buɗe ɗakin aikinsa, kafin ya wallafa littafin da ya sa wa sunan benen a 2002. Ba abin mamaki ba ne a ce likitan haƙori ne ya iya bayyana rabe-raben jama'ar unguwar haka. Wanda yake leƙa bakin mutane kullum ba ya bukatar a gaya masa albashinsu.

A gefen dandalin Tahrir, cikin gidan tarihin da aka buɗe a 1902, akwai wasu allunan katako da aka haƙo daga wani kabari a Saƙƙara. Na wani babban bafaden Fir'auna Zosar ne mai suna Hesi-Ra, wanda ya rayu wajen shekara 2650 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma masana da yawa suna fassara ɗaya daga cikin muƙamansa da shugaban likitocin haƙori. In haka ne, shi ne likitan haƙori na farko da tarihi ya riƙe sunansa, kuma Masarawa sun cancanci su yi alfahari da shi. Sai dai abin lura shi ne, a wancan zamani ciwon haƙori bai san sarki ba bai san bawa ba. Gurasar da kowa yake ci cike take da yashi da ɓarɓashin dutsen niƙa, tana cinye haƙora har ta kai ga jijiya. Gawar Ramsis na Biyu, wanda ya yi shekara 66 yana mulki, ta nuna lalatattun haƙora da alamar ƙurji a muƙamuƙi. Duk dukiyar Masar ba ta saya masa sauƙi ba, domin maganin babu shi. Yau maganin yana nan, an san shi, ana kuma koyar da shi a Alƙahira tun 1925 da aka buɗe makarantar likitocin haƙori. Abin da ya raba mutane yanzu farashi ne.

Don a gane yadda farashin yake aiki, sai a bi ciwon tun daga farkonsa. Ruɓewar haƙori ba ta zuwa rana ɗaya. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki suna cin sukarin da ya maƙale, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda yake zaizaye farin ɓawon haƙori, har ya huda ɗan ƙaramin rami. A wannan mataki babu zafi, magani kuma ba wuya: likita ya share ramin ya cike shi, cikin rabin sa'a an gama. Wanda yake zuwa a duba shi sau ɗaya ko biyu a shekara, a nan ciwonsa yake tsayawa. Wanda kuwa ba ya zuwa sai zafi ya hana shi barci, kafin ya zo ramin ya riga ya kai ga jijiya, sai a shimfiɗa masa hanya biyu. Ta farko a kashe jijiyar, a wanke kogonta, a cike, sa'an nan a rufe haƙorin da wata hula ta tangaran ko ta ƙarfe don kada ya fashe. Aiki ne na zuwa biyu ko uku ko fiye, da ɗaukar hoto, da kayan da aka sayo daga waje. Ta biyu a yi masa allura a cire, ya biya sau ɗaya ya tafi. Mutumin da abin da ya samu yau shi zai ci gobe ya san wadda zai bi tun likita bai gama bayani ba.

Cirewar kuwa ba ta kashe magana. Haƙoran da ke maƙwabtaka da giɓin sukan karkata, na sama ya zazzago, tauna ta koma gefe guda, abinci ya riƙa maƙalewa inda da ba ya maƙalewa, bayan 'yan shekaru sai wani ya bi sahu. Mai hali, in ma an cire masa, akan dasa masa wani a kan ƙusar ƙarfe cikin muƙamuƙi, dashen haƙori guda kuwa yakan zarce mafi ƙanƙantar albashin wata, wanda aka ƙayyade fam 7,000 a 2025. Maigadi da mai shayi ma yawancinsu ba sa cikin lissafin wannan albashi, domin ba su da takardar ɗaukar aiki. Har ila yau akwai wani kuɗi da ba a rubuta shi a rasit, wato wuni. Ma'aikacin banki yakan nemi izini ya je ya dawo, albashinsa yana nan. Mai tallar safa a dandalin Ataba in ya bar teburinsa wuni guda, wunin ya tafi ke nan. Saboda haka likitansa na farko shi ne mai kantin magani, wanda zai ba shi ƙwayar kashe zafi da ta kashe ƙwayoyin cuta, shi kuma ya haɗa da danna kanumfari a kan haƙorin kamar yadda ake yi a Kano da Damagaram. Kumburi ya sauka, bayan wata uku ya dawo. Wani lokaci mugunyar takan gangara ƙarƙashin harshe ta matse maƙogwaro, a kwashe mutum ranga-ranga zuwa asibiti, gwamnati ta kashe a kansa ninkin-ba-ninkin abin da cikon farko zai ci.

Ba za a ce hukuma ba ta tanadi komai ba. Daga Tahrir in aka miƙe kudu a kan titin Ƙasrul Aini, tafiyar rabin sa'a za ta kai mutum unguwar asibitocin Jami'ar Alƙahira, inda tsangayar haƙori take duba jama'a da araha. Ɗalibai ne suke yawancin aikin a gaban idon malamansu, kuma sau da yawa aikin yana da kyau, domin ɗalibi maki yake nema. Amma layi ne tun da sassafe, ɗalibi ba ya sauri, kuma ya fi ɗokin irin ciwon da jarrabawarsa take bukata, wanda ba lalle ne ya zama shi ya kawo mutum ba. Akwai Hukumar Inshorar Lafiya da aka kafa a 1964 domin ma'aikata, aka shigar da 'yan makaranta cikinta a 1992. Akwai asibitocin Ma'aikatar Lafiya. Akwai kuma ƙananan ɗakunan shan magani na masallatai da na coci-coci, waɗanda talakawan birnin suke dogara da su da maraice bayan an tashi aiki. Abu ɗaya ya haɗa yawancin wuraren nan: inda marasa lafiya suka yi yawa, lokaci ya yi kaɗan, kayan ciko suka yanke, cirewa ce aikin da kullum ake iya yi, tunda awartaki ba ya ƙarewa. Likitan da ya cire haƙori goma da safe a asibitin gwamnati, shi ne da yamma zai hau bene a Wustul Balad ya shafe sa'a guda yana ceton haƙori ɗaya. Hannun nan ne, ilimin nan ne, kuma shi ba mugu ba ne. Albashin safe ne ba ya riƙe gida.

A 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Masar da Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da sakamakon wani bincike kan lafiyar baki a faɗin ƙasar. Kusan kashi 70 cikin 100 na yaran da aka duba suna da ruɓewar da ba a yi wa magani ba, kimanin kashi 80 na mutanen suna da wani nau'i na ciwon dasashi, wajen kashi 20 kuwa ba su taɓa zama gaban likitan haƙori ba. Tun daga lokacin al'amura ba su yi sauƙi ba, domin yawancin abin da likitan haƙori yake taɓawa da dala ake sayo shi daga waje, tun daga kayan ciko har zuwa kujerar kanta. A Nuwamba 2016 aka saki kuɗin ƙasar, dala ta tashi daga ƙasa da fam 9 zuwa wajen 18. Aka sake karya shi a 2022 da farkon 2023, dala ta kai 30, a Maris 2024 kuma ta kusa 50. Kowace faɗuwa sai ta fito a farashin ciko. A 2022 har allurar kashe zafin haƙori ta yi ƙaranci a kasuwa, ƙungiyar likitocin haƙori ta yi ta kai kuka. Duk wannan a ƙasar da fiye da rabin kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marasa lafiya yake fitowa, wadda kuma hukumar ƙididdigarta ta ce kashi 29.7 cikin 100 na jama'a suna cikin talauci a 2019/2020, wato tun kafin faɗuwar baya-bayan nan.

Akwai kuma batun sukari, wanda ba a cika haɗa shi da wannan magana ba. Gwamnatin Masar tana tallafa wa sama da mutum miliyan 60 da katin abinci, sukari kuwa yana cikin manyan kayan da ake karɓa da katin, tare da man girki. Babu mai hankalin da zai ce a janye shi. Ƙasar da ta ga tarzomar gurasa a Janairu 1977 ta san abin da taɓa abincin talaka yake haifarwa, kuma shayi mai cokali uku na sukari shi ne yake riƙe mai aikin ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar. Amma hukumar da ta kai sukari kowane gida da rangwame, alhaki yana kanta ta ɗauki wani kaso na ɓarnar da yake yi. Ɗan mai kuɗi ma yana shan zaƙi, wataƙila fiye da ɗan maigadi. Shi dai akwai mai gyara masa ɓarnar tun tana ƙarama.

Abin da ya fi ban takaici shi ne ana cewa likitocin sun yi yawa. Tun da aka buɗe jami'o'i masu zaman kansu na farko a 1996, karatun haƙori ya zama hajar da ta fi shiga, domin iyaye masu hali suna biyan maƙudan kuɗi don ɗansu ko 'yarsu su amsa sunan dakta. Shekara da shekaru ƙungiyar likitocin tana gargaɗin cewa ana yaye fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka. A da duk wanda ya gama karatu gwamnati takan tura shi aiki a asibitocinta, abin da Masarawa suke kira taklif, daga baya aka yanke cewa daga 2025 za a riƙa ɗauka ne gwargwadon bukata. Sai ga matasan likitoci zaune a ɗakunan haya suna jiran mai shigowa, suna tallar farin murmushi irin na 'yan fim a Facebook da Instagram, ko suna neman hanyar Saudiyya da maƙwabtanta. In masu iya biya ake ƙirgawa, lalle kasuwa ta cika. In kuwa bakunan da ke bukatar gyara ake ƙirgawa, Masar ba ta da likita ko ɗaya da ya yi rara. Bukatar da ake aunawa a ma'aikata ita ce yawan kujerun da ke asibitoci, alhali wadda ya kamata a auna ita ce yawan ramukan da ke bakin yara.

Masu kare halin da ake ciki suna da hujjarsu. Sukan ce baitulmali ba shi da faɗi, bashi ya yi yawa, kuma a jerin da ke da ciwon daji da na ƙoda da na zuciya dole haƙori ya zo ƙarshe, tunda ba ya kisa. Wannan tunani ba na Masar kaɗai ba ne. Ingila ta kafa tsarin lafiya kyauta a 1948 har da haƙori, amma a 1951 da kuɗi suka yi wuya, haƙoran roba da tabarau aka fara sa wa farashi, abin da ya sa Aneurin Bevan, uban tsarin, ya yi murabus daga gwamnati. A Amurka inshorar gwamnati ta tsofaffi ba ta biyan aikin haƙori na yau da kullum, kuma a 2007 wani yaro ɗan shekara 12 ya rasu a jihar Maryland bayan ƙurjin haƙori ya kai masa ƙwaƙwalwa. Kamar dai duniya ta yi ittifaƙi a kan cewa baki ba ya cikin jiki, ga shi kuwa a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 3.5 suna fama da cututtukan baki. Likitoci sun san ciwon dasashi da ciwon sukari suna ƙara wa juna ƙarfi, Masar kuwa tana cikin ƙasashen da ciwon sukari ya fi yawa, kusan babba ɗaya cikin biyar. Tsohon da ya rasa haƙoran tauna ya yi ban kwana da nama da ɗanyen ganye, sai gurasa jiƙaƙƙiya a shayi. Budurwa mai giɓi a gaba da wuya a ɗauke ta aiki a kantin tufafi ko a teburin karɓar baƙi na otal, ba kuwa za a gaya mata dalili ba. Ta haka talauci yake cire haƙori, rashin haƙorin kuma ya tsare mutum cikin talauci.

Wasu kuma sukan ɗora laifin a kan talaka, su ce ba ya goge baki. Gaskiya ne binciken 2014 ya nuna mafi yawan waɗanda aka duba ba sa gogewa a kai a kai. Sai dai goge baki ɗabi'a ce da ake koya wa yaro, a gida ko a makaranta, kuma da wuya a zargi al'ummar da aswaki yake sunna a wurinta, ake sayar da shi a ƙofar manyan masallatai, da rashin kula da tsabtar baki. Aswaki yana share datti, amma ba ya cike rami, an kuma gaje shi ne daga zamanin da sukari bai zama abincin kullum ba.

Masar ta riga ta nuna cewa in ta ƙudura abu tana iyawa. A da tana kan gaba a duniya wajen yawan masu ciwon hanta nau'in C. Daga Oktoba 2018 aka fita gwajin jama'a unguwa-unguwa, aka gwada kusan mutum miliyan 50 cikin wata bakwai, aka yi wa masu cutar magani kyauta da ƙwayoyin da aka sarrafa a gida, har a Oktoba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ta shaidar da ba ta taɓa ba wata ƙasa ba kan kama hanyar kawar da cutar. Aikin haƙori na matakin farko bai kai wannan wuya ba. A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro a Tanzaniya wata hanyar cike rami da kayan hannu kawai, ba inji ba lantarki, sau da yawa ba allura, wadda ake iya yi a cikin ajin makaranta. A 2021 Hukumar ta sa man goge baki mai sinadarin fuloraid, da simintin da ake wannan ciko da shi, da wani ruwa mai sinadarin azurfa da ake shafawa ya tsai da ruɓewa, cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Burazil, ƙasa mai ɗimbin talakawa, ta ƙaddamar da shiri a 2004 wanda ya baza likitocin haƙori a ɗakunan shan magani na unguwanni. Masar tana da makarantu, tana da likitocin da ke zaune ba aiki, tana da dokar da ta sa 'yan makaranta cikin inshora. Abin da ya rage shi ne a haɗa ukun, likita ya je aji tun yaro bai zo da kumburi ba, a kuma biya shi gwargwadon haƙoran da ya ceta.

Sashe na 18 na tsarin mulkin 2014 ya ce lafiya haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. Dokar inshorar lafiya ta kowa da kowa, wadda aka yi a 2018, ta fara aiki a Bur Sa'id a 2019, ta wuce Isma'iliyya da Luksor da Kudancin Sina da Suwes da Aswan, amma Alƙahira an ajiye ta a zango na ƙarshe. Akwai hikima a fara da ƙananan larduna. Sai dai haƙorin turmi na farko, wanda zai zauna da mutum har tsufa, yana fitowa ne yaro yana da shekara 6, kuma yana cikin waɗanda suka fi saurin ruɓewa. Yaron da ya shiga aji ɗaya a unguwar Abidin a shekarar da aka sa hannu kan dokar zai iya gama sakandare tsarin bai iso ƙofar gidansu ba.

Mai karatun Hausa ba baƙo ba ne a wannan labari. Jirgin saman Masar yana zirga-zirga tsakanin Kano da Alƙahira, kuma cikin fasinjojinsa akwai masu zuwa neman magani. Ga wanda ya zo da dala faɗuwar fam alheri ce, aikin da ya gagari maigadi araha ne a wurinsa, ba kuwa laifi ba ne mutum ya nemi lafiya inda take. Ɗaliban Azhar 'yan Nijeriya da Nijar kuwa, masu lallaɓa ɗan guzurin da aka aiko musu, yawancinsu layin talakawa suke bi. A ƙasar Hausa ma haƙori ya daɗe yana faɗin matsayin mai shi. Haƙorin Makka, na zinariya ko na azurfa, wanda alhaji ko hajiya suke komowa da shi, ado ne da ake sa wa lafiyayyen haƙori, alhali a ƙauye wanzami ne yake cire mai ciwo. Nijeriya mai mutum sama da miliyan 200 likitocin haƙorinta ba su wuce dubbai kaɗan ba, mafi yawansu a manyan birane. Inda wannan hanya take ƙarewa ana ganinsa a Sakkwato, a asibitin yara masu cutar noma da aka kafa a 1999. Sunan cutar ba shi da alaƙa da noman gona. Daga Girkanci yake, daga wata kalma mai nufin cinyewa. Tana farawa da ciwon dasashi a bakin yaro mai tamowa, cikin kwanaki ta cinye kumatu da leɓe, kuma mafi yawan waɗanda ba a yi wa magani ba mutuwa suke yi, alhali a farkonta maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki sun isa. Nijeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da ita cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023. A Sakkwato likitocin haƙori ƙalilan ne, a Alƙahira har sun rasa aiki, amma a wuraren biyu ɗan talaka ba ya ganinsu sai abu ya ɓaci. Jihohin Arewa masu ɗokin buɗe makarantun likitanci ya kamata su dubi Alƙahira, domin yaye likita rabin aiki ne in ba a tanadi wanda zai biya shi ya duba marar kuɗi ba.

A Wustul Balad kuwa wani sauyi yana tafe. Da yawa daga cikin ɗakunan likitocin da ke tsofaffin benayen nan suna ƙarƙashin tsohuwar dokar haya, wadda ta daskarar da kuɗin haya shekara da shekaru, har a da akan sami faffaɗan ɗaki ana biyansa 'yan fam kaɗan a wata. Masu benayen sun cutu da haka, babu shakka. Amma arahar hayar ce take ba tsohon likita a hawa na huɗu damar karɓar rabin kuɗi daga maƙwabcinsa talaka, ko ya ce masa ya kawo in ya samu. A Agusta 2025 aka sa hannu kan sabuwar doka wadda ta ba wuraren sana'a, har da ɗakunan likitoci, wa'adin shekara 5, gidajen zama kuma shekara 7, kafin tsohuwar yarjejeniya ta faɗi. A daidai wannan lokaci ma'aikatun gwamnati sun koma sabon babban birnin da aka gina a hamada gabas da Alƙahira, kamfanoni kuma suna sayen tsofaffin benaye suna gyarawa, suna mai da su otal-otal da ofisoshi. Likitan da haya ta ninka masa, ko dai ya ƙara farashi, ko ya bi masu kuɗi zuwa Tajammu'ul Hamis, ko ya sauke allonsa. Wa'adin ɗakunan likitocin zai cika a 2030, na gidajen 'yan haya kuma a 2032.